Ragon Inna Ya Sha Maganina

Ciwon kaina ɓari ɗaya yake kamawa, na dama, kuma ba ya shigowa sai ya yi sallama. Sallamar tashi wani ɗan haske ne mai kama da haƙoran zarto. Zai fara ƙyalli a gefen ido, ya yi ta faɗi har ya cinye rabin abin da nike kallo. In mutum na tsaye gabana sai in ga kunne ɗaya da rabin baki suna magana, sauran fuskar babu. Bayan hasken sai guduma, bayan guduma sai amai. Daga nan sai in nemi ɗaki mai duhu in zube kamar buhun da aka jefo daga kan mota, in tsani kowa da kowa, har zakaran maƙwabta da bai san ina yi ba.

Mai irin wannan kai kuma sana'ar da ta faɗo mashi ita ce injin niƙa. Na fi shekara ashirin ina tsaye gaban inji a Tasawa, bayan kasuwa, cikin rumfar kwano. Injin ba nawa ba ne, na wani Alhaji ne mai shagon siminti, ya ɗauke ni tun ina da gashi a ka. Lekol, wato boko, ban yi nisa ba, ni da malamin mun rabu kowa na murna. Daga safe zuwa magariba ƙara ce da hayaƙin man gazuwal da zafin kwano, in kuma mata sun kawo yaji a ƙara da barkono a hanci. Abin da na iya ke nan, kuma shi ke ciyar da matata da yara biyar da tsohuwata.

Ba maganin da ban gwada ba. Wanzami ya zo daga wajen Mayahi, ƙasar su mahaifiyata, ya kafa mani ƙaho a ƙeya, ya tsaga mani gefen goshi, ya tafi da jinina ya bar mani ciwona. Rubutu na sha har ina jin in aka matse ni tawada za ta fito. Masu maganin tebur na bakin tasha kuwa sun san ni kamar ɗan'uwansu. Ja, kore, fari, mai hoton mutum riƙe da kai, duk na haɗiya.

Wata rana ciwon ya buge ni ina tsakar aiki, na faɗi, kaina ya sauka dab da bel ɗin inji yana gudu. Mata suka yi ta salati. Labari ya kai wa Alhaji kafin ni in tashi zaune. Da yamma ya kira ni shago, bai ko ce in zauna ba.

"Ni ban son jandarma a ƙofar gidana," in ji shi. "Inji in ya kama hannu ba ya tambayar na wane ne. Ka tafi ka nemi magani na gaske. Ranar da ka sake faɗuwa gabanshi, ka kawo mani makulli da ƙafarka, ba sai na aiko ba."

Makullin nan shi ne duk abin da na mallaka a duniya, kuma ba nawa ba ne. Mai shekaruna in ya bar inji ba wanda zai ɗauke shi ko gadin tumatir. Sai na shiga mota zuwa Maraɗi.

Lokotoron da na samu a asibiti mace ce, yarinya, ba za ta girmi ɗiyata ta fari da yawa ba. Ta sa na ba ta labarin hasken da gudumar, ta lissafa mani abubuwan da ke tada ciwon, ƙara da wari da zafi da yunwa da ƙarancin barci. Na ce mata ai rumfata ce ta gama siffantawa, saura barkono. Ta ce ƙwayoyin teburin nan da nike sha kullum su ma suna kiran ciwon, in rabu da su. Daga nan ta shiga tambayoyin da ko matata ba ta yi mani.

"Baba, fitsari na fita lafiya?"

"Yana fita, Madam. Bai taɓa kawo ƙara ba."

"Ba ya tsayawa, ba ka yin nishi?"

"Ni da ciwon kai na zo."

"Na sani. Maganin da zan ba ka ba ya shiri da mai wahalar fitsari, da mai hawan jinin ido, da mai farfaɗiya. Kana shan giya?"

Na ce ni da ke fama da kai ɗaya, in ƙara mashi giya ya zama biyu? Ta duba idona da ɗan fitila, ta auna tansiyo, wato hawan jini, ta rubuta. Sunan maganin fizotifen, na sa ta maimaita mani har ya zauna. Ƙwaya ce ƙarama, ruwan ƙwai, in ta faɗi cikin gero sai an tona.

"Wannan ba maganin ciwon kai ba ne, Baba."

"To na mene ne, na ƙafa?"

"Na hana shi zuwa ne. In ya riga ya shigo, ko kwalin ka shanye ba abin da zai yi maka. Kullum za ka sha, da dare, ko kana lafiya. Lafiyar ma ita ce shaidar yana aiki. Kar ka ce ka warke ka yar."

Ta ce sai ya yi makonni kafin in ga amfaninshi, kar in yi fushi da shi. Zai sa ni barci, don haka muddin idona na nauyi kar in kusanci inji. Zai buɗe mani ciki in ci kamar fara, zai busar mani da baki, bayan gida ma zai iya yin tauri. In lokacin bari ya yi ita za ta riƙa rage mani kaɗan-kaɗan, don in aka yanke shi rana ɗaya jiki na birkicewa, ciwon ya dawo da fushi. Ta ce in ɓoye shi inda yara ba su kai hannu, kuma kar in ba kowa, ko ɗan'uwana, ko mai ciki, ko maƙwabci. Ba ta ce kar a ba rago ba. Wannan kam lekol ɗinsu bai koya masu ba.

A gidanmu ba inda yara ba su kai hannu sai ɗakin Inna, mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, don haka tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba. In ina kusa ni ne "kai", in na ɗan matsa ni ne "wancan". Ba ta kallon fuskata in tana magana, ba ta tambayar lafiyata gaban mutane, ko da kaina na rabe biyu. Haka aka yi ta, haka uwarta ta yi. Abin da take kira da murya mai daɗi a gidan nan ragonta ne. Kowace shekara takan sa a sawo mata ɗan rago a kasuwar Mayahi, ta ɗaure shi a turke bayan ɗakinta, ta yi ta kiwo, gab da Layya ta sayar. Abincinshi kuwa daga hannuna yake fitowa. A ƙa'idar niƙa, garin da ya zuba ƙasa da dusar da mata suka bari na mai inji ne. Kullum da magariba nikan share in zuba a buhu in kawo, in ajiye bakin turke, ba na gode ba sannu.

Na kai mata kwalayen magani na wata da watanni, ta zuba a gwangwani ta sa cikin jeren kwanoninta. Kowace rana bayan isha'i in na zauna tsakar gida, sai ta fito ta saka mani ƙwaya ɗaya a tafi tana kallon wani wuri, in jefa baki in kora da ruwa.

Makonnin farko barci ya yi mani dukan ɓarawo. Sallar asuba ta koma sallar hantsi, har liman ya tare ni yana tambaya ko na tashi daga unguwar. Sai rana ta ɗaga, na sha shayi mai ɗaci, na wanke fuska, na tabbata ina ganin yatsuna daidai, sannan nike tada inji. Bakina kamar na tauna gari. Bayan gida kuwa zama nike kamar mai jiran takarda a biro, ofishin gwamnati, ka zo da safe a ce ka dawo gobe. Da sannu barcin ya lafa, ya tsaya inda aka ajiye shi, wato dare.

Yunwar ce ba ta lafa ba. Ni da aka sani kamar karan dawa, na koma in cinye tuwona, in leƙa kwanon yara, in tambayi matata ko ɗumamen gobe lalle sai ya kai gobe. Kumatu suka fito. Wuya ya cika. Tumbi ya turo riga har mazagin wando ya ƙare, aka ƙulla mashi wani. Matan da ke layin niƙa suka samu abin yi, kuma duk wanda ya san layin niƙa ya san can ne ake yanke wa garin hukunci.

"Mai inji, wata nawa ke nan?"

"Ku bar shi, Allah dai ya raba lafiya."

"Ni fa na ce garina na raguwa a tasa. Ashe ga inda yake shiga."

Na ce wadda ta ƙara magana zan ɓarza mata hatsi in ce tuwo ne. Wata siririya da ke zuwa daga Baudeta ranar kasuwa ta jira layi ya watse, ta matso, ta ce ta ji ƙwaya ce ta sa ni ƙiba, don Allah in sam mata ko biyar, mijinta ya ce in ta juya gefe ba ya ganinta. Na ce mata wannan na masu ganin zarto a ido ne, ta je ta ci tuwo, shi kuma mijin ya sayi madubin ido.

Kan kuwa ya yi shiru. Ba wai ciwon ya mutu ba, amma wanda ke zuwa kowane mako ya koma sai an manta da shi, in ya zo ma da ladabi, ya ɗan ƙwanƙwasa ya wuce. Na daina rufe rumfa. Aiki ya ƙaru, shara ta ƙaru, buhun da nike kawowa bakin turke ya yi nauyi. Alhaji ya wuce a mota wata rana, ya kalli tumbina, ya ɗaga mani hannu.

A wannan lokacin ne Inna ta fara magana da bango. Tana saka mani ƙwayar a hannu sai ta ce wa bangon, "Mutum ya warke sarai yana ta shan magani, kamar mai kiran ciwo." Ni ma na ba bangon amsa, na ce lokotoro ta ce kar a bari. Bangon bai ce komai ba, Inna ta ce "uhm". Na ɗauka magana ta ƙare.

Da Layya ta fara matsowa sai jikina ya sauya. Barcin nan mai daɗi ya ɗauke, in kwanta in yi ta juyi. Hannuna ya riƙa rawa in na ɗauki tiya. Zuciyata na tashi, raina na ɓaci ba dalili, har na yi faɗa da kaza. Na ce a raina jiki ne ya saba da maganin, tunda kullum ina sha ban tsallake ba. Ragon Inna kuwa ya yi luf. Ya kwanta a inuwa yana tuƙa, ido rabi a rufe, kamar Alhajin da ya sayar da kayanshi tun da safe. Maƙwabta na shigowa kallonshi suna masha Allah.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, layi har waje. Ina cikin zuba masara sai zarton ya bayyana a gefen ido. Na san shi, ya san ni. Abin da ya kamata in yi shi ne in kashe inji in fita. Amma in na kashe, mata za su kai labari, in labari ya kai, makulli. Sai na ce bari in lallaɓa in ƙare layin. Rabin rumfar ya ɓace mani. A daidai nan bel ya fara zamewa, na kai hannu in gyara shi da rabin ido, sai na ji an fizge ni. Hannun rigata ya kama. Allah ya sa rigar tsohuwa ce, ta yage daga kafaɗa, injin ya tafi da tsumma ya bar mani hannu, sai fatar da ya kwashe daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu. Na zube. Wata mata mai hankali ta rufe wa injin mai. Da na ɗago sai aman ya zo, na juya na sauke shi cikin tasar da ta fi kusa. Tasar gidan Alhaji ce, garin masarar uwargidanshi.

Bai aiko ba, kamar yadda ya ce. Da ciwon ya sake ni na ɗaure hannu na kai mashi makulli da ƙafata. Ya karɓa ya sa aljihu, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Ya sa wani ya riƙe injin.

Na koma zaman gida. Shekara da shekaru ban san abin da ake yi a gidana da rana ba, sai a lokacin. Ciwon na zuwa a kai a kai, ina kwance a ɗaki na saki labule, da dare Inna na saka mani ƙwaya ina haɗiyewa. Buhu ya daina zuwa bakin turke. Ragon ya koma cin harawa da ɗan abin da aka kankaro daga tukunya, haƙarƙarinshi ya fara leƙowa.

Wani hantsi ina kwance, labulen ya ɗan ɗage, sai na hango Inna tsugune bakin turke. Ta ciro wani abu daga haɓar zane, ta aza kan dutse, ta murƙushe da gindin cokali, ta kaɗe cikin ruwan kanwa. Ta kama wa ragon haɓa tana lallashi.

"Sha, ɗan albarka. Wancan ma da shi ya yi tumbi. Kai me ya same ka kwanan nan?"

Na tashi na fito, hannu a ɗaure. Kan dutsen ga garin ƙwaya ruwan ƙwai. Mutum ba ya yi wa uwarshi tsawa, balle ni da ko ido ba mu haɗawa. Sai na kira matata daga madafa, muka tsaya mu uku a tsakar gidan da bai fi tabarma huɗu ba.

"Tambayi Inna me take ba rago."

"Inna, wai me kike ba rago?"

"Ce mashi abin da ya rage ne. Shi ya warke, ga dabba na buƙata. A bar shi ya lalace a gwangwani?"

"Tambaye ta, ni me nike sha kullum da dare?"

Inna ta shiga ɗaki ta fito da wata 'yar leda ta miƙa wa matata. Ƙwayoyi ne ƙanana, ruwan ƙwai, kamar nawa in ba ka duba da rana ba. Matata ta juya ledar, ta kalle ta, ta kalli tumbina, ta toshe baki da gefen zane.

"Malam, ai nawa ne. Na ƙarin jini, na awon ciki. Waɗanda suka rage lokacin auta."

"Ce mashi ban bar shi haka nan ba," in ji Inna. "Magani dai magani ne. Wannan har jini yake ƙarawa."

Wato ni, mai furfura a gemu, na yi makonni ina shan maganin masu ciki, rago na shan nawa. Matata ta kasa tsayuwa, ta zauna kan turmi kafaɗunta na rawa. Ni dariyar ba ta zo mani ba. Na bar bin ta hannun kowa, na ce wa Inna kai tsaye, a hankali, ban warke ba. Maganin ne ke tare ƙofa, ranar da aka janye shi ciwon ya shigo, shi ya ja hannuna cikin bel, shi ya tafi da makulli. Ba ta kalli fuskata ba. Hannun da ke ɗaure ta kalla, ta daɗe tana kallo. Rigar da ta yage ita ta wanke ta da kanta, na ganta a shanya. Ta shiga ɗaki ta ɗauko gwangwanin, saura kaɗan a ciki, ta ajiye a ƙasa gabana ta koma ta saki labule. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Washegari da safe ta fito da babban mayafinta na zuwa gaisuwa.

"Kai. Kwance ragon nan ka riƙe mani igiya."

Ban tambayi ina za mu ba. Tana gaba, rago na tsakiya, ina baya, muka ratsa gari har shagon siminti. Alhaji na zaune kan kujera da 'yan zaman shagonshi. Da ya ganta ya miƙe, don ta san uwarshi, ta san shi tun yana yawo ba wando. Aka ba ta kujera ta ƙi, ta zauna kan buhun siminti. Suka gaisa har gaisuwa ta ƙare.

"Ni ba maganar kowa ta kawo ni ba," in ji ta. "Maganar rago ce."

"To, Inna."

"Dube shi. Da wata ya kama ya fi haka. Magani ina ba shi kullum ban fasa ba, amma tun da aka daina kawo dusa ga ƙashi nan ya fito."

"Wane magani, Inna?"

"Na kan wancan."

Ta faɗi duka, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Yadda ta ga tumbi ta yi sha'awa, yadda ta musanya, da abin da ta musanya. Da ta zo kan awon ciki wani dattijo ya ƙware da goro. Alhaji ya juyo ya kalli tumbina kamar yau ya fara ganinshi.

"Shi ya sa," in ji shi. "To yaushe ne sunan?"

Na ce in an sa rana shi zan fara gaya mawa. Aka yi dariya har mai shagon kusa ya leƙo. Inna ba ta yi ba. Da aka lafa Alhaji ya ce, to yanzu me take so.

"Dusa."

"Wannan mai sauƙi ne. In sa a kai maki buhu yau."

Na ga buhu ɗaya zai rufe maganar makullina. Igiyar ta yi mani nauyi a hannu.

"Ba ya cin ta kowa," in ji Inna. "Ta hannun wancan ya saba." Ta gyara mayafi, ta kalli ƙasa. "Mai kawo ta yana da yara biyar. Kuma ba shi ya yi laifi ba, ni ce. In kora ce ni za ka kora."

Tun da nike ban taɓa jin ta yi magana a kaina gaban mutane ba. Su ma sun san abin da ta yi, don ba wanda ya ƙara tari. Alhaji ya sa hannu aljihu ya ciro makulli, ya juya shi, bai ba ni ba tukuna. Ya ce in koma wurin lokotoro, in ta ce barcin ya wuce in zo in karɓa. Ya ce kuma daga yau in na ga hasken nan in kashe inji in fita, ko layi ya kai tasha. Rufe rumfa ba laifi ba ne a wurinshi, faɗuwa ce laifi. Na ce na ji.

Za mu tafi ya ja ni gefe, ya rage murya. Shi ma yana da raguna a bayan gida, garke guda.

"Wai ya sunan ƙwayar nan?"

"Dusa, Alhaji."

Lokotoro ta yi dariya har ta cire madubi ta goge ido, sannan ta ɗaure fuska ta yi mani faɗa kamar ni na ba ragon. Ta ce rawar hannun da rashin barcin duk na yankewa ne rana ɗaya. Ta mayar da ni farko, daga kaɗan, na sake yin makonni ina barci kamar gawa. Na tambaye ta naman ragon fa, ta ce ita mutane take dubawa, a daina ba shi, in tambayi likitan dabbobi. Shi kuma ya ce bai taɓa jin irin wannan ba, amma akwai sauran lokaci kafin salla, jikinshi zai wanke. Kafin Layya na karɓi makullina, buhu ya koma bakin turke, ragon ya mayar da jiki ba ƙwaya ko ɗaya.

Sai dai labari ya riga shi zuwa kasuwa. Dillalai suka sa mashi suna ragon barci, mai saye ya zo ya taɓa ya ji labari ya wuce. Haka muka dawo da shi. A karon farko Inna ta yi layya da ragon da ta kiwata. Muka ci nama, rana ta take, kowa ya nemi inuwa ya miƙe, kamar yadda kowane gida a Tasawa ke yi ranar cin nama tun kafin a haife ni. Da muka farka Inna ta ce wa bango, "Ga shi nan, har yanzu yana aiki."

Yanzu maganin na cikin akwatin ƙarfe a ɗakina, makullinshi na igiya ɗaya da na inji, igiyar na wuyana. Tumbin na nan, mata na nan da bakinsu, ciwon na leƙowa jefi-jefi in kashe inji in ba shi wuri. Inna ta sa an sawo mata wani ɗan rago daga Mayahi. Har gobe ba ta yarda mai lafiya na shan magani ba, na ji tana faɗa wa maƙwabciya. Amma kowace rana bayan isha'i, tana tsugune bakin turke ta ba mu baya, sai ta ɗaga murya ta ce wa matata, "Tambayi wancan ko ya sha abin nashi."